Tarsem Singh, Mai Riƙe wa Yara Bakin Rawani

Wani dare cikin hunturu, shekaru da dama da suka wuce, mutanen layinmu suka ji wani kuka a bayan gidajen ma'aikata. Ƙiii, sai shiru, can kuma ƙiii. Sinyora Nives, tsohuwar da gidanta ke jikin na Tarsem Singh, ta rantse fatalwar mijinta ce. Ni kuwa daga kwance na ce a raina ɗawisu ne ya biyo mu daga Punjab ya rasa bishiyar sauka. Da aka leƙa, sai ga Tarsem tsaye cikin sanyi, ya ɗaure bakin ƙyallen rawaninsa a ƙarfen shingen tsohuwar, yana ja da baya, ƙarfen na ƙara. Rawaninmu sai mutum biyu sun ja shi ta kusurwa, sun nannaɗe gefunansa ciki, kafin ya hau kai. Shi kuwa a lokacin matarsa ba ta iso Italiya ba, shinge ne kaɗai mai riƙe masa.

Tatsar shanu ce sana'arsa, a wani garke da ke gefen kogin Po, ba nisa da Cremona. Kafin gari ya waye yana can yana wanke hantsar shanu, yana maƙala musu injin tatsa. Ya dawo ya sha shayi mai citta, ya ɗan kishingiɗa, da la'asar ya koma. Saniya ba ta san Lahadi ba. Amma tsakanin tatsar safe da ta yamma akwai ɗan sarari, kuma wannan sararin ne Tarsem ya ɗauka ya ba 'ya'yan mutane.

Abin da ya sa ya fara ba mai daɗin faɗa ba ne. Ɗansa Manveer, wanda aka haifa a nan, ya dawo daga makaranta wata rana kansa a aske, gashin da bisa addininmu ba a taɓa sa wa almakashi ba tun haihuwa ya tafi. Uwar ta zauna a ƙasa tana kuka. Tarsem ya ce, "Puttar, ɗana, me ya yi zafi haka?"

Yaron ya ce, "Papa-ji, na girma da ɗaura ɗan ƙyallen yara, dariya ake mini. Rawani kuma ban iya ba. Yaushe ka koya mini? In na tashi ka fita, in ka dawo barci kake yi."

Washegari Tarsem ya ƙwanƙwasa ƙofar Sinyora Nives ya roƙi aron garejin marigayi mijinta. Ya samo wani dogon madubi wajen mai aski da ya rufe shago, ya jingina shi a bango. Na daɗe ina tunanin madubin nan: rabin rayuwarsa yana kallon gashi na zuba ƙasa, ya ƙare yana kallon ana tufke shi a rufe. Manveer bai taɓa shiga garejin ba. 'Ya'yan wasu ne suka cika shi.

Duk wanda ya taɓa wucewa ta nan ran Lahadi ya san hayaniyar.

"Taya-ji, duba nawa, ya yi?" Haka suke kiransa, wato baffa.

"Wannan rawani ne ko kabeji? Warware."

"Wayyo Taya-ji, hannuna ya sage!"

"Saniya ma tana tsayawa a tatse ta. Ɗaga gwiwar hannunka, malalaci."

Wanda zai fara naɗi sai ya cije bakin ƙyallen da haƙora don kada ya sulluɓe. Tarsem yakan ce nan ne gonarsa. "Duk mako wannan ne kaɗai lokacin da yaran Italiya ba sa iya mayar da magana." To a nan yake zuba musu labari, na rijiyar ƙauyensu, na yadda ake girbin alkama a watan Baisakhi, na dalilin da ya sa mai kuɗi da talaka suke zama a tabarma ɗaya su ci abinci a gurdwara, ɗakin ibadarmu. Idan kuma aka zo jan ƙyalle, shi ne zai riƙe ɗaya bakin, ido cikin ido da yaro, ya tambaye shi da harshen gida, "Wane ƙauye ne na kakanka?" In yaro bai sani ba, ba duka ba zagi. Sai ya ce, "Je ka tambayo, ƙyallen zai jira ka." Wata uwa ta shaida mini cewa tsohuwarta da ke Hoshiarpur can Punjab ta yini tana hawaye ranar da jikanta ya buga waya da kansa, da gurguwar Punjabinsa, yana tambayar sunan garinsu.

Akwai wani saurayi Jaskaran, direban motar kaya, mai askakken kai da gyararren gemu. Ana gobe ɗaurin aurensa ya zo yana sunkuyar da kai, bai san yadda zai tsaya gaban surukai ba rawani ba. Wasu dattawa suka ce a bar shi ya ji kunya ko zai yi hankali. Tarsem ya ce, "In na kore shi yau, ƙofar wa zai buga gobe?" Ya zauna da shi har sai da naɗin ya zauna daram. Haka kuma ranar da wata yarinya Prabhjot ta tsaya a bakin gareji ta ce, "Taya-ji, ni fa?" Bai tsaya jin ta bakin kowa ba, ya miƙa mata shuɗin ƙyalle. Ta zo ta fi duk mazan hannu.

Tarsem, kai ne rijiyar bakin hanya, kowa ya sha ya wuce, ba mai tambayar wa ya haƙa. Kai ne ka rasa abu a gidanka, ka hana gidajen wasu su rasa shi. Iyaye kan sauke yara a ƙofarka su wuce kasuwa ko ƙarin aiki, da yawansu ba su taɓa leƙawa ciki sun ga yadda kake yi ba. An ɗauka kullum kana nan, kamar kogin.

Yanzu ga shi yatsunsa sun ƙage. Ruwan sanyin garke ya shiga ƙashi, ko maɓallin riga da ƙyar yake sawa. Matarsa ta rasu bara, kuma Manveer, da ya koma Kanada da iyalinsa, ya ce lallai uban ya zo wurinsa. Ƙarshen watan nan zai tashi. An yi sanarwa a gurdwara ana neman wanda zai karɓi yaran. Wannan ya ce aikin dare yake yi, wancan ya ce bayansa na ciwo, sauran suka zuba wa tabarma ido.

Lahadin da ta wuce ita ce ta ƙarshe. Garejin ya cika har waje, an kawo pakora, ƙosan garinmu, da shayi. Prabhjot ce ta naɗa masa nasa rawanin, yana zaune a kujera hannuwansa a cinya. Da ta gama ya juya kai dama da hagu a madubi ya ce, "Gefen hagu ya ɗan karkace." Aka kwashe da dariya, ita kuwa ta juya baya tana share ido, don ita ma karatu zai kai ta Milano kwanan nan.

Mun gode, Tarsem Singh, godiyar da ta zo a makare. Allah Ya saka maka, Ya sa hannun jikokinka ya faɗa cikin naka. Ku kuma masu karanta wannan da kuka iya naɗi, kuna da yawa a cikinmu. Ba ilimi ake nema ba, mutum ake nema da zai ba da yammacin Lahadinsa ya tsaya gaban yaro.

Ana cikin tattara kofuna Sinyora Nives ta fito da sandarta. Ta rungume Tarsem, ta ce masa ya riƙa sa rigar sanyi a can. Sannan ta dubi mazan da ke tsaitsaye a bakin ƙofa, ɗaya bayan ɗaya.

"To ku faɗa mini," ta ce, "Lahadi mai zuwa in buɗe garejin, ko in bar shi a rufe?"