Duba Mana Gefenka, Baba

Mahaifina mai gyaran agogo ne, kuma abu biyu ne ba a taɓa masa: idonsa da kekensa. Shekararsa sittin da takwas, amma idan ɗan noti mai kamar ƙwayar yashi ya faɗo daga teburinsa, kana laluben tabarau shi ya riga ya tsince. Shagon nasa bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba, agoguna rataye a bango, kowanne da lokacin da ya ga dama. Tun kafin a haife ni a kan keke yake zuwa can.

Tsakanin gida da shago akwai mahaɗa guda, inda layinmu ya faɗa babban titi, babu fitila babu ɗan sanda. Sau uku mota tana kwashe shi a wurin. Na farko ƙafar keke ce ta lanƙwashe, na biyu gwiwa, na uku ƙashin kafaɗa ya tsage. Kuma kowane direba, sai ka ce a makaranta ɗaya aka biya musu, da ya fito sai ya dafe kai ya ce, “Wallahi Baba ban gan ka ba.”

Wannan magana ita ke ƙona masa rai fiye da ciwon. “Ƙarya ne!” in ji shi. “Raini ne kawai. Sun ga talaka a kan keke.” Ya sayi riga mai ruwan ɗorawa mai ƙyalli, ya ɗaura ƙararrawa biyu, ya kafa jan ƙyalle a kan sanda a bayan sirdi. In ya taho sai ka ce motar kashe gobara, amma duk a banza.

Ni ce babbar 'yarsa, kuma taurin kan nan ban tsince shi a ƙasa ba. Ranar da aka ɗaure masa kafaɗa na sa sarƙa da kwaɗo na ɗaure keken a jikin ƙarfen taga, na jefa makullin a jakata. Na ce daga yau maigidana zai riƙa sauke shi a shago in zai wuce aiki. Baba ya ce na yi kaɗan, ranar da aka kwance masa hannu ranar zai hau abinsa. Na ce sai dai bayan raina. Mama ta ce mu biyun Allah ya shirye mu, ta koma kan wankinta.

Sati shida maigidana yana shan wa'azi a mota. Mutum ne mai haƙuri, sau ɗaya kawai ya tanka. Ya ce, “Baba, in na zo mahaɗa, abin da zai murƙushe ni nake nema, tirela ko bas. Kallon ma bai wuce ƙiftawar ido ba, ga na baya suna ta ham. Kuma ka ga wannan ƙarfen da ke tsakanin gilashin gaba da na gefe? Yana iya ɓoye mutum sukutum da kekensa.”

“Ka ji zancen banza,” in ji Baba. “Ido ai ido ne.”

Ranar da aka kwance ɗaurin, muna dawowa daga asibiti da hantsi, ina baya, Baba yana gaba yana ta jujjuya hannu don in gani. Tun daga ƙofar asibitin yake cewa in fito da makulli. Muka iso wata mahaɗa, motoci sun yi layi a bayanmu, wani mai tasi ya kwanta a kan ham kamar gidansu ke cin wuta. Maigidana yana fama da nasa ɓangaren, sai ya ce, “Baba, duba mana gefenka.”

Baba ya leƙa. Da idona na ga ya leƙa, har da miƙa wuya. Ya ce, “Ba komai, tafi.”

Ko taku biyu ba mu yi ba muka ji ƙum. Wani mai kai burodi ne, magidanci mai furfura, da akwatinsa ɗaure a bayan keke. Allah ya taƙaita, a hankali muke, gwiwar hannu kawai ya kurje. Rigar da ke jikinsa ta fi ta Baba ƙyalli. Kuma tunda gaskiya nake faɗa, ni ma na duba gefen nan, ban ga kowa ba.

Mutumin ya miƙe yana kakkaɓe wando. “Ku uku a mota, a rasa mai ido ko ɗaya?”

Baba ya fito daga mota. Ya durƙusa yana tsince burodi a kan kwalta, sannan ya matse ƙafar keken tsakanin gwiwoyinsa ya miƙe masa kan da ya karkace, da kafaɗar da ko awa ɗaya ba ta yi da kwancewa ba. Na yi ta masa faɗa ya bari, ko kallona bai yi ba.

Muka koma gida, bai tambayi makulli ba. Kwana uku, sati, shiru. Sai ni da na yi nasara abin ya fara damuna. Na kai masa makullin har ɗaki, na ce ya hau amma ya riƙa sauka a mahaɗa yana turawa. Ya ture hannuna.

“Shekara arba'in ina shiga gabansu,” ya ce, “ina cewa ai sun gan ni, dole su tsaya. Riƙe abinki, 'yar nan.”

Na yi fushi da direbobi, na yi fushi da wanda ya ƙera motar da wannan ƙarfe, na fi yin fushi da kaina. Yanzu kullum bakwai saura kwata Baba yana bakin ƙofa a kan benci, ya sa hula, jakar kayan aiki a cinya, yana jiran surukin da bai taɓa fita a kan lokaci ba. Yakan duba agogon hannunsa, ya mayar da hannun riga ya rufe.