Minti Ukun Baba Ladan

Wallahi wannan abu da ni ya faru, a Zango, shekarun da nake gyaran kwamfuta ina haɗa wa mutane intanet. Ni na kafa wa masallacin unguwarmu agogon nan mai jar lamba, wanda ba a saita shi da hannu, kullum sai ya tambayi wata babbar na'ura ta intanet ƙarfe nawa, ya daidaita kansa. Baba Ladan kuwa bai taɓa ɗaga kai ya kalle shi ba, rana yake leƙawa ta bayan gonaki, kuma sai lokacin da agogona ya nuna ya wuce da minti uku yake kiran magariba. Har tsiya nake masa, in ce yunwa za ta kashe mu a hannunsa.

Ya rasu saura sati biyu azumi. Ranar da aka kai na farko, dab da shan ruwa, agogon ya ja baya da minti uku cif, ana sallamewa ya koma daidai. Washegari haka. Aka ce ni nake wasa da azumin mutane, shugaban kwamitin masallaci ya ce ko in amsa laifi gaban jama'a in gyara, ko ba mai sake kawo mini aiki.

To ni na san lagon manhajar agogon nan, ba ta tambayar wa ya amsa mata, duk wanda ya riga faɗa mata lokaci shi take bi. Na ce wani ɗan iska ne ya shiga tsakani. Na zare wayar intanet ɗin gaba ɗaya, na zauna gadi da dabino a hannu. Jama'a, a kan idona lambar ta koma baya. Na buɗe bayanan na'urar, ga shi an rubuta amsa ta iso, gurbin mai aikowa fayau. Na fita bayan masallaci inda Baba ya saba tsayawa. Wayoyin mutane sun ce a sha ruwa, ga gefen rana ja wur bai gama faɗuwa ba.

Na ce wa shugaban, "Alhaji, ban taɓa shi ba, kuma ba zan gyara ba. Mai iyawa ya cire shi da hannunsa."

Ba wanda ya cire. Masu kawo aiki sun watse, abin ya yi mini ciwo, amma ban amsa laifin da ban yi ba. Ku dai in waya ta ce a sha ruwa, ku leƙa yamma tukuna. Ni minti ukun nan, ko kowa ya cika baki da kunu, sai na jira su.