Ranar da Muka Yi wa Daji Shara

Ranaku da yawa na aikin gandun daji sun ɓace mini, amma ban taɓa mantawa da ranar da muka yi wa daji shara ba. Ku da kuka shigo aikin nan bayanmu kuna yawan tsokanata, wai da an ce za a yi baƙi sai in ɗaure fuska. To ku ji dalili.

A lokacin ina malamin daji, wato ƙaramin ma'aikacin da ke zaune a bakin gandu yana tsaronsa. Gandun yana tsakanin Shagari da Boɗinga, ba sai na faɗi sunansa ba. Dutse ne dogo mai shimfiɗaɗɗen kai, na jar marmara. Wanda ya hango shi daga titi zai rantse ba komai a kansa. Amma ta gabas akwai kwazazzabon da ya tsaga shi daga sama har ƙasa, kuma cikinsa kurmi ne: marke, ƙirya, taramniya, ga kalgo da sabara a baki-baki. Hanyar hawa ta cikin kurmin take bi, 'yar siririya, wani wurin sai ka sunkuya. Tun daga ƙasa har sama rana ba ta taɓa ka. In ka ɓullo kan dutsen sai iska ta tarbe ka, ka ga fadama kwance, gonakin gero iyakar ganinka, da garkunan shanu nan da can.

Kurmin nan ba da kansa ya dawo ba. Da aka kawo ni wurin, kututture ya fi itace yawa. Shekara tara na yi ina zama da mutanen ƙauyen da ke gindin dutsen, a ƙofar masallaci, a zauren mai gari, har muka tsaya a kan magana ɗaya: busasshe a ɗauka, ɗanye a bar shi. Wanda ya fi kowa taya ni shi ne Baba Altine, wani dattijo manomi da ya san dutsen kamar tsakar gidansa. In ya ce a bari, ana bari.

Ƙa'idarmu ita ce, wanda aka kama yana saran ɗanyen itace cikin gandu a karɓe gatarinsa, a rubuta sunansa a 'yar takarda a ɗaura a ƙota, a kulle a sito. Ba a mayarwa sai jami'in shiyya ya sa hannu, shi ne shugaban duk malaman dajin yankin. Mabuɗin siton kuwa yana hannuna.

Da farkon daminar shekarar da abin ya faru na tarar da Baba Altine da kansa ya sare reshen marke ɗaya, zai yi ƙotar hauya. Na tsaya na rasa inda zan sa kaina. Shi ya miƙo mini gatarin, mai ƙota naɗe da jar fata. Ya ce, "Amshi, Malam Ummaru. In kab bar ni yau, gobe ba ka iya amsar na kowa." Na karɓa ina jin kunya, na kai sito.

Bayan wata uku, damina ta ja baya, dutse ya yi kore shar, sai ga motar jami'in shiyya wata Laraba. Ya ce ranar Asabar wata ƙungiyar masu hawan dutse za ta zo daga Sakkwato, likitoci ne da malaman jami'a da manyan ma'aikata. Ya ce in nuna masa hanyar da za su bi. Ba mu yi taku hamsin cikin kurmin ba reshe ya cire masa hula, ƙaya ta kama masa babbar riga.

Ya tsaya ya ce, "Wanga datti za mu gwada ma manyan mutane?"

Na ce, "Yallaɓai, ba datti ba na. Shi na dajin da za su zo gani."

Bai ko dube ni ba. Kun san halinmu na ma'aikatan gwamnati: in an ce baƙo na tafe, abin da muka sani shi ne shara da farar ƙasa. A share harabar ofis, a shafe duwatsu, a shafe gindin itatuwa, komai ya yi fari fat. A ofis wannan ba laifi. Shi kuwa sai ya ɗauko wannan al'ada sukutum ya kawo ta daji. Ya ce a buɗe hanya yadda mutum huɗu za su jera, a sare duk abin da ya tare.

Na ce, "Yallaɓai, ko reshe ba a sara cikin gandu sai da takarda."

Ya ce, "Ni na takardar."

Washegari aka sauke leburori cike da mota, adda biyu kacal a tsakaninsu. Jami'in ya dube ni ya ce, "Buɗe sito." A nan ne nake so ku saurara da kyau, don ba zan wanke kaina ba. Saura mini shekara uku in yi ritaya. Na tuna da wannan, na sa hannu a aljihu, na buɗe. Aka tsinke takardun sunaye aka zubar, aka raba wa leburori gaturan talakawan da na ƙwace don sun taɓa reshe ɗaya ko biyu.

Kwana biyu ana sara. Itatuwan da na san su tun ba su kai gwiwata ba, ina tsaye suna faɗuwa. Da aka gama aka bi kututturan ɗaya bayan ɗaya aka shafe su da farar ƙasa, wai don su yi kyau. Mutanen ƙauye suka yi layi a bakin gandu suna kallo. Da sun zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar Asabar da hantsi baƙi suka iso, da takalman tafiya da gorunan ruwa, wasu rataye da madubin hangen tsuntsaye. Shugabarsu wata likita ce, Dakta Hadiza. Baba Altine ne ɗan jagora, kamar yadda aka saba duk lokacin da aka yi baƙi. Ya zo da sandarsa, ya gaishe ni kamar ba abin da ya faru.

Da muka kai bakin kwazazzabon kowa ya ja ya tsaya. Rana ƙwal, ga fararen kututture jere dama da hagu har sama, ga tulin ganye yana yaushi. Dakta Hadiza ta fito da wayarta ta nuna wa jami'in wani hoto da abokin aikinta ya ɗauka bara, duhun kurmi da 'yar hanya a tsakiya. Ta ce, "Yallaɓai, wurin nan muka zo gani. Ina yake?"

Ya dubi fuskokinsu, ya gane ba yabo ke tafe ba. Nan take ya sauya murya. Ya ce, "Hajiya, kin san mutanen ƙauye. Kullum hama muke da su. Su sunka shigo sunka yi ɓarna, mu dai gyara munka yi." Kamar wannan bai isa ba, ya hango gatarin da wani lebura ya manta a jikin tulin ganye, ya ɗauko ya ɗaga. "Ga ma gatarin ɗayansu."

Ƙotar naɗe take da jar fata.

Mutanen da suka yi shekara tara matansu na tafiya mai nisa neman busasshen icce, ga ɗanye a bayan gidansu, su ake kira maɓarnata a gabana, ni kuma ina lissafin ritaya.

Baba Altine ya matso, ya rusuna kamar yadda ake yi wa manya. Ya ce, "Ranka shi daɗe, gaskiya ta, wanga gatari nawa na. Amma wata ukku ke nan shina cikin sitonku. Malam Ummaru ad da mabuɗi, a tambaye shi."

Duk idanu suka dawo kaina. Na ce, "Haka na. Ni nib buɗe sito, bisa umurnin Yallaɓai. Leburorinmu sunka yi saran. Ba mutum guda na ƙauyen ga da yat taɓa icce." Dakta Hadiza ta mayar da wayarta jaka. Baƙin suka hau dutsen cikin rana kamar masu rakiyar gawa, suka sauko suka tafi, ko abincin da aka tanadar musu ba su taɓa ba.

Bayan mako biyu takarda ta zo, kuma a wannan karon rubutacciya ce. Tuhuma ce a kaina: na buɗe sito ba tare da izini a rubuce ba. A ƙarƙashinta kuma ga takardar canjin wurin aiki zuwa can wajen Kajiji. Shi kuwa jami'in, kujerarsa ko motsi ba ta yi ba.

Kafin in tafi na kwashi gaturan nan na bi gida gida na mayar wa masu su, don ko ba takardun sunaye na san na kowa, ban jira sa hannun kowa ba. Na Baba Altine na kai ƙarshe. Ya karɓa, ya shafa bakin da ɗan yatsa, duk ya dakushe ya yi giɓi. Ya ce, "Reshe guda nis sara da shi kak karɓe. Ku kun sare kurmi da shi. To ku, wa ka amsar naku?"

Na ji labari ya yi iya ƙoƙarinsa ya hana mutane shiga, amma da wane baki? Wanda ya gaje ni bai sake iya karɓe gatarin kowa ba. Sauran itatuwan da leburorinmu suka bari, rani biyu suka ƙare.

Abin da wannan ya koya mini shi ne, ba mu ke tsare daji ba, yardar mutanen da ke gindinsa ce, kuma shekara tara ake gina ta, kwana biyu a rushe. Saboda haka kai da aka ba ka kaki da mabuɗi jiya, kafin ka miƙa hannu ka karɓi gatarin talaka, ka tambayi kanka ko za ka iya hana shugabanka mabuɗin sito. In ba za ka iya ba, bar wa mutum gatarinsa.