Baƙon da ya shiga madubin Tsinke

Tsinke ɗan kawuna ne, mai aski, kuma ni na raɗa masa sunan. Don tsabar rama, in ya juya gefe a shagonsa sai masu jiran layi su ɗauka ya fita.

Kwatsam ya fara cika. Kumatu suka taso, fuska ta koma kamar faranti, tozo ya fito a bayan wuya. Dangi kowa sai barka. Kawu ya ce a gode wa girkin matar Tsinke. Ni kuwa kullum na je aski sai na ɗauke shi hoto a waya, in tura wa 'yan'uwa da rubutu: "Alhaji Tsinke ya haɗiye janareto."

Ba wanda ya kalli ƙafafunsa. Sun tsotse kamar na kujerar roba. In kan tebur ya ɗan taɓa shi, fatar ta yi baƙi mako guda. Ɗaga injin aski zuwa kan mutum ya zama aiki, sai ya sauke hannu ya huta, wai injin ne ya yi zafi. Masu zuwa aski suka fara tsallakawa shagon gaba.

Wata safiya na tarar ya rufe rabin madubin da tawul, daidai inda kansa ke fitowa.

"Maigida, an fara jin kunyar kyau ne?"

Bai yi dariya ba. "Taubashi, akwai wani mutum a madubin nan da ke tsayawa bayan masu zuwa aski. Rigata ce a jikinsa, injina ne a hannunsa. Wallahi ban san shi ba."

Ranar da ya durƙusa ɗaukar reza ya kasa miƙewa, muka kai shi asibiti. Likita ta nemi tsohon hotonsa. Na miƙa wayata ina taƙama. Ta yi ta ja da yatsa, wata bayan wata, fuskar tana kumbura a gabanta. Ta ce wani sinadari ne, kotizol, ya yi masa yawa a jiki, saboda ɗan ƙari a ƙasan ƙwaƙwalwa. Sai ta ɗago.

"Shekara uku kana ɗauka, ba ka kawo shi ba?"

Ni da bakina ke gajiyar da rediyo, sai na karɓi wayata na cusa a aljihu.

An yi masa aiki ta hanci. Ya yi watanni a gida kafin ya buɗe shago, kuma ba wanda ya yarda ya fara ba shi kansa. Ni na fara zama. Injin yana rawa a ƙeyata, ina jin numfashinsa. Ya tsaya sau huɗu.

"Ka zage ni mana," ya ce. "Tun da ka daina, gani nake na mutu ba a gaya mini ba."

Na buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya sake kunna injin.