Bindigogin Katako a Hanyar Kebbe

Mu shida ne a ƙungiyar wasan kwaikwayonmu ta Tambuwal, kuma ba wanda ya ɗauke mu da muhimmanci sai wani tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Shi ya ba mu zaurensa muna gwaji, shi kuma ya rubuta wa wata ƙungiya mai tallafa wa sababbin 'yan wasa takarda, har ta yarda ta ɗauki nauyin wasan farko da na rubuta. Sharaɗinta ɗaya ne: a nuna wasan a wajen garinmu. Muka zaɓi ranar kasuwar Kebbe.

Wasan a kan 'yan bindiga ne da manomin da ya ƙi barin gonarsa. Da tallafin muka sa kafinta ya sassaƙa mana bindigogi uku, muka shafa musu baƙin fenti. Abokina tela, wanda ke fitowa a shugaban ɓarayin, ya ɗinka rawuna da riguna irin na soja.

Da hantsi muka tashi a kan babura uku. Mun yi nisa cikin hanyar sai muka tarar da itace a gicciye, 'yan sa-kai na tsaye da gorori da adduna. Ɗayansu ya kwance buhun da ke bayan telan. Bakin bindiga ne ya fara leƙowa.

Ban ma ji an yi tambaya ba. Gora ta sauka a ƙeyata, na kifa cikin yashi, bakina cike da jini. Aka jawo telan daga kan babur, aka bi shi da duka a haƙarƙari har ya daina ihu. Makaɗinmu ya rungume kalangunsa, wani ya taka hannun nasa da takalmi, ya murza. Na ji ƙarar yatsun.

"Katako ne! Wallahi katako ne!" nake ta faɗa. Na zaro takardar ƙungiyar da ta tallafa mana daga aljihu, amma da Turanci take, wanda ya karɓa ya juya ta ya yar.

Shugabansu, wani dattijo mai tabon sara a goshi, ya ɗauki bindiga ɗaya ya karya a gwiwarsa. Ya daɗe yana kallon farin katakon.

"Da irin wagga anka tare ƙanena makon jiya," in ji shi. "Shi ma bai san ko katako ce ba. In 'yan wasa ne ku, ku tashi ku yi mu gani."

Nan a tsakiyar hanya muka yi. Telan ya ɗaura rawani yana dafe da gefen ƙirjinsa, muryarsa ba ta fita sosai. Makaɗin ya riƙa buga kalangu da hannu ɗaya. Ni ne manomin. Da muka zo inda zan durƙusa in roƙi a bar min shanun huɗata, ban ma tsaya tuna abin da na rubuta ba. Roƙo na yi na gaske, ina kallon addunan. Wani saurayi daga cikinsu ya juya mana baya ya tsuguna.

Dattijon ya ɗaga hannu kafin mu ƙare. "Ya isa. Ku tahi."

Ba wanda ya ba mu haƙuri. Amma shi da kansa ya kama telan ya ɗora shi kan babur.

Ba mu kai Kebbe ba, asibiti muka koma. Hedimasta ya same mu can, ya tsaya a kan makaɗin yana duban hannun da aka naɗe, idanunsa sun kaɗa.

"Ni na tura ku," ya ce.

"Malam, mu munka so zuwa," in ji makaɗin.

Yatsunsa biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba, ya bar kiɗa ya koma sayar da hatsi tare da yayansa. Ƙungiyar da ta ba mu tallafin ta nemi mu aika mata da bayanin yadda 'yan kallo suka karɓi wasan. Na zauna a zauren hedimasta kwana biyu da biro a hannu, daga ƙarshe shi ya rubuta musu, ban kuma tambaye shi abin da ya ce ba. Bayan wata huɗu, da haƙarƙarin telan ya warke, muka nuna wasan a filin wata makarantar firamare a Jabo. Sanduna muka riƙe a maimakon bindigogi.