Iya, Ɗauke Numfashi

Wani siririn kuka na fara ji, tsiyit-tsiyit, ina tankaɗe a tsakar gida da hantsi. Na ɗauka ɗan tsako ne ya maƙale a bayan randa. Na duba, babu komai. Sai da na zo wucewa ta gaban Inna, mahaifiyata, tana zaune a tabarma tana jan carbi, na gane daga ƙirjinta yake fitowa.

Tun daga nan ba ta koma ƙauyenmu na wajen Ringim ba, ta zauna wurina a Dutse. Likita ya ce huhunta ne ya gaji da hayaƙin murhu na shekara da shekaru. Ba a kwantar da ita ba. Magani dai, da abin shaƙa, sai hoton ƙirji lokaci-lokaci, a gwada da na baya a ga ko ciwon na ci gaba. Da shi zai san ko a sauya magani.

Hoton farko, wanda wata mata ta ɗauka, ya fito tas. Na bayansa su suka hana ni sakat.

Mu yi sammako, mu hau adaidaita, Inna na tari a kafaɗata, mu bi layi. In an shiga da ita, a jingina ƙirjinta da wani allo. Ni ina waje, ta ƙofa nake jin sabon mai hoton yana ɗaga murya: "Iya, ja iska. Yawwa. Ɗauke numfashi!"

Sai hoto ya fito dishi-dishi, kamar an shafe shi da hannu.

"Hajiya, tsohuwarki ba ta tsayawa," in ji shi. "Da na ce ta ɗauke, sai baki ya kama motsi, ƙirji na rawa."

Likita ya ɗaga hoton a haske, ya girgiza kai. Ba zai sauya magani a kan wannan ba, kuma ba a son a yi ta maimaita hoton barkatai. Mu dawo wani watan. Muka dawo, duk ɗaya. A tsakani tarin na ƙaruwa, har sallah ta koma yi a zaune.

"Inna, don girman Allah, me kike faɗa a ciki? Ƙiftawar ido ne fa!"

"Ke ce a ciki?" ta ce da ni. "'Yar boko, komai kin sani."

Na gwada mata a gida, na cika ƙirjina da iska na tsaya ƙiƙam. Ta kalle ni, ta ce in je miyata na ƙonewa. Na lallashe ta, na yi fushi, na koma ɗaki na yi kuka ina istigfari, don uwa ce. Maigida ya ce in ƙyale ta, tsufa ne. Shi ba ya jin kukan ɗan tsakon nan, yana wurin aiki.

Ana gobe za mu koma, ina wanke mata hijabi a bakin famfo, ina mita ni kaɗai: wai mutum a ce ya ɗauke numfashi, abu ya gagara. 'Yar autata, wadda ke kwana ɗakin Inna, ta bar wasan da take yi ta tsugunna kusa da ni.

"Umma, ki daina yi mata faɗa. Ta ce min duk wanda ta sani da aka ce numfashinsa ya ɗauke, bai dawo ba. Shi ya sa in mai hoton ya faɗa, take yin kalmar shahada."