Ranar da aka ƙi sa hannu a kwanona

Shekarun baya, bayan an tashe mu daga tsohuwar unguwarmu ta Zangouettin, mu shida 'yan Zongo muka samu shaguna a layi ɗaya, a bakin wata babbar magudanar ruwa, wadda mu nan muke ce wa kanibo. Atamfa da shadda nake sayarwa. Shagunan ƙanana ne, don haka kowa ya shimfiɗa katako da siminti a kan kanibo, ya kafa rumfa, ya baje kaya. Ni ma na yi.

Muna da ciyayya. Bayan sallar Azahar kowa zai kawo kwanon gidansa rumfar abokina, wanda tun muna yara muke tare. Dattijon layinmu ke fara buɗe nasa, a ci, sannan a bi da shekaru. Nawa ne na huɗu. Kullum idan an buɗe shi abokina zai riga kowa ɗauke tsokar da ke sama, ya ce mai ɗakina ta fi ni sanin darajar mutane.

A shekarar da nake magana, ruwa ya yi ɓarna a gari, sai muhawara ta cika rediyo. Wasu na cewa yanayi ya sauya, ruwan wata guda yanzu a wuni ɗaya yake sauka. Gwamnati na cewa a buɗe hanyoyin ruwa. Aka kuma fara zancen cewa za a hana bankuna tallafa wa duk ɗan kasuwar da kayansa ke kan magudana. Mutanenmu suka ce ai sun san wannan waƙar, da sunan gyara aka rushe mana gidajen iyayenmu. Ba ƙarya suka yi ba. Amma ni ina da abin da na gani. Duk damina nakan ja layi da gawayi a bangon shagona daidai inda ruwa ya tsaya. Layi uku ne, kowanne ya fi na bara tsawo.

Sai takarda ta zo daga meri, wato ofishin magajin gari, ana kiranmu taro.

To, Zongo tana da ƙa'ida, kuma na san ta. Mu jikokin fatake ne, ba ma saɓawa a gaban hukuma. A yi gardama a gida har murya ta dishe, in an fita baki ɗaya ne, kuma bakin dattijo ne. Ana gobe taro muka zauna kan kwanonin nan, aka tsaya cewa dattijo zai ce mun ji, a ba mu lokaci. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambaya ko akwai mai ƙari. Da ya zo kaina na ce babu. Dalili kuwa, kada ku yi dariya, ban gama tsara maganata ba. Ni mutum ne da ba na buɗe baki sai na san na farko, na biyu da na uku. Da safe na zauna na rubuta su a ɗan littafina, na ja layi a ƙarƙashi.

A wurin taro dattijo ya yi maganarsa ya zauna. Ma'aikacin meri ya tambaya ko akwai wani. Sai ga ni tsaye, da Faransancina na shekara shida a lakwal, wato makarantar boko. Na ce na farko, ruwa na ƙaruwa, ga shaidar bangona. Na biyu, rumfunanmu ne ke tare shara su toshe kanibo. Na uku, gara mu cire da hannunmu kafin a cire mana. Ma'aikacin ya tafa, ya nuna ni ya ce ga mutumin da ya fahimta. Ban taɓa samun yabon da ya cuce ni kamar wannan ba. Na waiwaya, na ga dattijo yana kallon carbinsa.

Washegari na kai kwanona kamar kullum. An amsa sallamata, an tambayi iyali, babu wanda ya ɗaure fuska. Aka ci na farko, na biyu, na uku. Na buɗe nawa, shinkafa da miyar taushe, tsoka a sama. Sai kowa ya kama suɗe yatsunsa. Na ce bismillah. Babu wanda ya miƙo hannu. Abokina ya turo kwanon gabana da bayan hannu.

"Alhaji, ci abinka," ya ce. "Kada mu sa hannu mu toshe maka hanyar ruwa."

Aka tsallake zuwa na biyar.

Kwano ya koma gida cike. Mai ɗakina ta ɗanɗana, ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, tana zaune tana jin bayanina da na farkonsa da na biyunsa. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Gaskiyar da ka ɓoye wa 'yan'uwanka ka kai wa baƙo, ko a ma'auni aka auna ta, sunanta ƙara."

Na ji haushi, na ce ai ruwa zai raba mu. Kwana uku ina kai kwano yana dawowa, ran na huɗu na daina. Na cire rumfata da kaina, babu wanda ya kama mini ko katako ɗaya. Na koma cin abinci a cikin shago, fuskata ga bangon nan mai layukan gawayi, ina jiyo dariyarsu ta bayan buhunan kaya. Wani lokaci nakan gane labarin da ake bayarwa, har in san inda da ni zan gyara wa mai bayarwa. Damina guda da rani guda haka na yi.

Daga baya katafila ta zo ta kwashe sauran rumfunan. Ban ce maganata ce ta kawo ta ba, amma ban iya rantsuwa ba ita ba ce. Shagon abokina kusan duk rumfa ne, abin da ya rage bai isa ya shimfiɗa tabarma ba. Ya kwashe ya koma unguwar Tampouy. Ciyayya ta mutu, don a inuwarsa take. Da damina ta dawo aka yi ruwa mai ƙarfi, na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana wucewa cikin kanibo, bai shiga shagon kowa ba. Na yi gaskiya. Na duba dama da hagu, babu wanda zan faɗa wa.

Wata Laraba na ɗaura kwano a bayan babur na tafi Tampouy. Na sami abokina a wata 'yar rumfar kwano, ya rame. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Na fara jero masa hujjojina, ya ɗaga hannu.

"Ban taɓa cewa ƙarya ka yi ba. Ana gobe taro hannunka da nawa suna kwano ɗaya. An tambaye ka, ka ce babu. Me ya hana ka faɗa mana?"

Na ce ban gama tsarawa ba. Ya dube ni, ya yi dariya har ya share ido, ya ce, "Kai dai Allah ya shirye ka da littafinka." Na buɗe kwano. Ya ce ya riga ya ci. Amma da zan rufe ya miƙa hannu ya ɗauke tsokar.

Iyakar abin da na samu ke nan, kuma na gode. Yanzu sai a wurin suna ko jana'iza muke haɗuwa. Har yau in na ji ana muhawarar yanayi da banki da gwamnati a rediyo, ra'ayina bai sauya ba. Jerin ne kawai na gane na yi shi a juye: na farko ya kamata ya zama mutanen da nake ci da su, ko da maganar ba ta tsaru ba.

Har yanzu a cikin shago nake cin abincin rana. Mai ɗakina ba ta daina ɗora tsoka a sama ba. Ni kuma nakan tura ta gefen kwano, in ci sauran, sai na ƙoshi in tuna babu mai ɗauka.